KU TAMBAYA MU AMSA: Wai da gaske akwai ƙwayar da ke gano guba a ruwan bohol?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ruwa suka zo, ban yi mamaki ba, tunda maganar galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta cika gari. Na zaɓi uku, ta farkon ita ce za ta ci mana fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ina Aboabo nan Kumasi, gidan haya ne babba, famfo yana zuwa yana ɗaukewa shi ne maigidan ya haƙa mana bohol, ruwan garau yake wallahi ba wari ba komai, da shi muke girki, yara ma shi suke sha. Toh kwanaki wani mutum ya shigo gidan da jaka yana tallan injin tace ruwa, ya ciro wani abu kamar biro ya tsoma a kofi lamba ta fito 180, ya ce kin gani guba ce, sannan ya jona wasu ƙarafa a wuta ya tsoma, cikin minti biyu ruwan ya koma kamar ruwan kwata, jaja-jaja da kumfa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ɗana da ke karatu a Tek, jami'ar kimiyya ta nan Kumasi, ya ce in rabu da shi ɗan damfara ne, wai yanzu akwai wani abu bayosensa da ake yi da ƙwayoyin cuta, su ne ke haske idan akwai dalma ko zaiba a ruwa. Don Allah Malam mene ne gaskiya, kuma a ina zan samu in saya? Wata uwa daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a. Ɗanki ya yi gaskiya a kan mai jakar, kuma ya yi gaskiya a kan bayosensa, sai dai maganar saye ce za ta ba ki haushi, zan zo kanta.

Mu fara da wasan da aka yi miki a tsakar gida, don ni ma an taɓa yi min shi a ofis ina zaune ina kallo. Ƙarafan nan da ya tsoma, wasu baƙin ƙarfe ne wasu alminiyam, idan aka sa musu wuta a cikin ruwa ƙarfen ne da kansa yake narkewa yana tsatsa, wato dattin da kika gani daga sandarsa ya fito, da shi ya shigo gidan. Duk ruwan da ke da ɗan gishirin ƙasa a ciki yana ɗaukar lantarki, to zai yi wannan launin, ko ruwan da ya fi kowanne lafiya ne. Ruwan injinsa kuma, idan ya gwada shi, an cire masa gishirin shi ya sa wuta ba ta ratsa shi sosai, sai ya zauna fari. Da kin barbaɗa masa gishirin miya kaɗan a kofin nasa da kin ga yadda shi ma zai dagule.

Biron kuma sunansa mitar TDS, ba ƙarya yake yi ba amma ba abin da kike tsoro yake aunawa ba. Jimillar duk abin da ya narke a ruwa yake ƙiyastawa, gishiri ne, sinadarin farar ƙasa ne, duk a haɗe, kuma a ma'aunin miligiram cikin lita. 180 ba abin tashin hankali ba ne ko kaɗan. Ita kuwa dalma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikrogiram 10 a lita, asanik ma 10, zaiba 6, kadmiyam 3, kuma maikrogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya. Bari in kawo miki shi kusa: ki ɗebi ƙaramin cokalin shayi ɗaya, giram 5 kenan, ki raba shi cikin ledar fiyo wata miliyan ɗaya, to kin kai iyakar dalma. Kin ga ko da dalmar ruwanku ta ninka iyaka sau goma biron nan ko motsi ba zai yi ba.

Nan ne matsalar take. Mu tun a makaranta aka koya mana ruwa idan launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba to mai tsarki ne, kuma haka ne, alwala ta yi. Amma tsarkin alwala daban, lafiyar ciki daban. Dalma da asanik a wannan ƙanƙantar ba su da launi ba su da wari, harshe ma ba ya jin su. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan kududdufi mai sa gudawa, ruwa garau kamar naku, sai a 1993 aka tabbatar akwai asanik a ciki, daga ƙasar wurin yake fitowa ba wanda ya zuba. Daga baya sai bi aka yi ana shafa wa bakin famfo fenti, ja kar a sha, kore a sha. Ita dalma kuma mu Hausawa mun san ta da kyau, a 2010 a Zamfara yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ko da yake can ƙura da ƙasa ce ta fi kai musu gubar.

Hanyar da aka amince da ita wajen gano waɗannan ƙarafa ita ce dakin gwaji, da manyan injina irin su AAS da ICP-MS, masu tsada, masu son wuta tsayayya da gas da ƙwararre a kansu. Ba za ka ɗauke su a bayan babur ka zaga Sawaba da Asawase gida-gida ba. Wannan giɓin ne masu bayosensa suke son cikewa.

Toh mene ne shi? Hajiya inaga akwai ɗaya a gidanku ma ba ki sani ba. Idan akwai mai ciwon suga da ke huda yatsa ya ɗiga jini a kan ɗan tsinken nan ya sa a mita, wannan bayosensa ne. A kan tsinken akwai enzayim, wani sinadari da aka samo daga halitta mai rai, wanda aikinsa kawai ya kama suga, mitar kuma ta juya abin da ya faru ya zama lamba. Wani Ba'amurke Leland Clark shi da abokin aikinsa suka kawo dabarar a 1962. Ko wane bayosensa haka yake, ɓangare biyu: abu daga halitta da ke gane abin da ake nema, da abin da zai sanar da kai, haske ko launi ko lamba. Kamar yadda za ki ɓoye suga a can ƙuryar kabad amma kiyashi sai ya gano, ke da kin ga layin kiyashi kin san an bar murfi a buɗe.

Na ƙwayoyin da ɗanki ya faɗa shi ne ya fi burge ni, bari in ɗan daɗe a kansa. Bakteriya sun daɗe suna zaune cikin ƙasa mai guba, Allah ya hore musu hanyar kare kansu. Akwai wani furotin a jikinsu ana ce masa ArsR, ki ɗauke shi kamar maigadi da ya shimfiɗa benci ya kwanta a bakin ƙofar sito, muddin yana wurin ƙofa ba ta buɗuwa. A cikin siton akwai umarnin ƙera famfon da ke fitar da asanik daga jikin ƙwayar. Da asanik ya shigo sai ya maƙale a jikin maigadin, ya canza masa siffa, dole ya tashi daga bakin ƙofa, sito ya buɗe, a fara aiki. Abin da masana suka yi shi ne suka bar maigadi a wurinsa amma suka canza kayan cikin siton, suka sa umarnin yin haske, wanda aka samo daga wasu bakteriyan teku masu walƙiya da dare ko daga ƙwaron nan mai ƙyalli da muke bi da gudu muna yara lokacin damina. Shi kenan, ba asanik ba haske, asanik kaɗan haske kaɗan, da yawa haske da yawa, sai ƙaramar mita ta karanta. Zaiba ma tana da nata maigadin, MerR, kuma tun 1993 aka haɗa bakteriya mai haske idan ta ji zaiba.

Kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. Masu bincike na jami'ar Lausanne a Suwizalan da abokan aikinsu sun gwada irin wannan a kan ruwan rijiyoyi kusan 200 a Biyetnam, sakamakon ya fito a 2005 kuma ya yi kusa sosai da na dakin gwaji. Wata cibiya a Leipzig ta Jamus ta yi nata mai suna ARSOlux, busassun bakteriya a cikin 'yar kwalba a rufe, a yi musu allurar ruwan rijiya a jira wajen awa 2 a karanta, an kai shi Bangaladash an gwada. Kar ki ji an ce ƙwayar cuta ki tsorata, nau'in dakin gwaji ne da aka raunana, kuma ba a ruwan shanku ake zuba su ba, ruwan ne ake ɗiba a kai musu.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da ƙwaya mai rai, da zaren DNA suke aiki, wato zaren da ke ɗauke da rubutun umarnin halitta a cikin ƙwaya. Farfesa Yi Lu a jami'ar Illinois a shekarar 2000 ya nuna wani guntun DNA da ke yanke ɗan'uwansa kamar almakashi amma sai idan dalma tana wurin. A 2003 suka haɗa shi da ƙurar zinariya ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, idan suna dunƙule ruwan shuɗi ne, da dalma ta sa almakashin ya yanke zaren sai su watse ruwan ya koma ja. Abin ya ba ni dariya ranar da na fara karantawa, wato zinariyar da nemanta ya ɓata mana kogunan Pra da Offin da Ankobra da Birim ita ce kuma ake sawa ta tona asirin guba. Zaiba ita ma tana da wani hali na shiga tsakanin wasu haruffa biyu na DNA ta haɗe su, an gina gwaje-gwaje da yawa a kan wannan. Sannan a 2020 wasu a jami'ar Northwestern a Amurka suka fito da ROSALIND, sun ciro kayan aikin cikin ƙwayar kawai, maigadi da sito ba tare da ƙwayar ba, suka busar a gindin ɗan bututu, ki ɗiga ruwa ki jira, idan akwai dalma ko jan ƙarfe ya yi kore a ƙarƙashin 'yar fitila. Irin wannan fasahar an ba mutanen gari a Nakuru ta Kenya sun gwada ruwansu da hannunsu, amma na fuloraid ne, sinadarin nan da ke ɓata haƙoran yara a wajen Bongo can arewa.

Yanzu ga ɓangaren da ba daɗi. Ba abin da zan ce miki je ki kasuwar Kejetia layi kaza ki saya. Yawancinsu har yanzu suna hannun masu bincike, 'yan kaɗan da suka shiga kasuwa a waje kamfanonin ruwa da ma'aikata aka yi wa, da mita mai tsada. Kuma akwai dalilai na gaske da suka riƙe su. Abu mai rai ko wanda aka ciro daga mai rai ba ya son zafi, ki tuna yadda ɗaki yake a watan Maris a garin nan, kwali ya kwana biyu a shagon kwano ya lalace ba wanda ya sani. Maigadin ma wani lokaci yana ruɗewa, na asanik yana tashi idan ya ga antimoni, wasu na dalma suna amsa wa kadmiyam ko zink. Wanda ya fi ban tsoro shi ne idan ruwan yana da kulorin da yawa ko gubar ta yi yawa har ta kashe ƙwayoyin, matacce ba ya haske, sai ka ce Alhamdulillahi ruwa lafiya alhali shi ne mafi muni, shi ya sa masu yi da gaske suke haɗawa da kwalba ta biyu ta tabbatarwa. Ga kuma doka, ƙwayar da aka taɓa wa halitta ba a yawo da ita haka kawai, a Ghana akwai dokar 2011 da hukumar da ke kula da wannan. Sannan ƙwaya tana jin ƙarfen da zai iya shiga jikinta ne kawai, wanda ya maƙale a laka ba ta ganinsa, dakin gwaji kuwa duka yake ƙirgawa.

A ganina amfaninsa na tankaɗe ne. A ce unguwa tana da bohol 300, a bi su duka da gwaji mai araha a rana biyu, waɗanda suka nuna alama su kaɗai a kai dakin gwaji. Wannan babban aiki ne kuma ina fatan yaranmu na Tek irin ɗanki su sa hannu a ciki, don ruwanmu da zafinmu sai mu. Amma duk wanda ya shigo miki gida yau da tsinken takarda ya ce bayosensa ne, kuma a ɗaya hannun yana riƙe da abin sayarwa, ki ba shi ruwa ya sha ki sallame shi.

Abin da za ki yi a satin nan: ku haɗa kuɗi ku 'yan haya da maigida, ba sai mutum ɗaya ya ɗauka ba, a kai ruwan gwaji. Ghana Water suna da dakin gwajin ruwa, akwai Ghana Standards Authority, akwai cibiyar binciken ruwa ta CSIR, ɗanki kuma ya tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na makarantarsu. Ku faɗa musu ƙarara kuna son a duba dalma, asanik, zaiba, kadmiyam da manganis, a haɗa da gwajin ƙwayoyin kashi, don a unguwa mai cunkoso inda bohol ke kusa da masai wannan ne ma ya fi saurin kwantar da yaro. Ku fara zuwa ku tambayi kwalbar da za a zuba, sau da yawa su ke bayarwa da ɗan asid a ciki, kar ku wanke tsohuwar robar lemo ku cika. Kuma ku ɗebi kashi biyu, na farkon asuba kafin kowa ya taɓa famfo, da na bayan ruwa ya zuba minti biyu ko uku. Dalili shi ne sau da yawa dalmar ba daga ƙasa take ba, daga kan famfon ne. Wani bincike da ya fito a 2021 a kan famfuna da bohol na karkara a Ghana da Mali da Nijar ya samu wajen kashi 9 cikin 100 sun haura iyakar dalma, kuma kayan haɗi na farin tagulla su ne aka fi zargi. Idan na asuba ya fi na baya yawa, an gano ɓarawo, canza kan famfo ya fi sayen inji sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin sakamako ya fito, ruwan farko na safe ku yi shara da wanki da shi, kar a haɗa wa jariri madara ko koko da shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direba ne ina jigila Kumasi zuwa Dunkwa da Obuasi, ina ganin kogi da idona ya zama kamar kunun gyaɗa. A gida matata tana tafasa ruwa ta sa alam, wannan bai isa ba? Wani direba daga Tafo Zongo.

AMSA: Direba sannu da hanya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ku ci gaba da yi, amma ƙarfe ba ya mutuwa, ruwa ne ke tashi tururi ya bar shi a tukunya, in ka daɗe kana tafasawa ma ƙara masa kauri kake yi. Alam yana kwantar da laka kuma yana jan wani abu na ƙarfen da ke manne da ita zuwa ƙasa, har asanik yana ragewa, amma ba ka da hanyar sanin nawa ya rage nawa ya saura. Matatar da ke cire yawancinsu ita ce mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin fata mai matsatsin ƙofa, wadda ake ce wa RO, irin ta masu fiyo wata na kirki, ita ma sai ana canza fatar a kan lokaci.

Launin da kake gani laka ce, kuma ta kai inda a 2024 Ghana Water da kansu suka ce dagulewar ruwan Pra a matatar Sekyere Hemang ta kai wajen 14,000 a ma'auninsu alhali don 2,000 aka gina ta, shi ya jawo ƙarancin ruwa a Cape Coast da Elmina. Wajen Obuasi kuma dutsen zinariyar wurin a haɗe yake da asanik tun asali, idan aka fasa shi aka baza sai ruwa ya wanko. Abu ɗaya da nake so ka riƙe tunda kana tsayawa cin abinci a hanya: zaiba ba ta cika zama a cikin ruwa ba, laka take sauka, ƙwayoyin cikin laka su juya ta zuwa wani nau'i mafi muni, ƙananan kifi su ci, manya su cinye ƙanana. A Minamata ta Japan ma a shekarun 1950, ta kifi ta shiga mutane. Ana iya gwada ruwan kogi da bayosensa ko ma babban inji a ga zaiba kaɗan, alhali babban kifin da aka kama a wurin ya tara ta a jiki. Mai ciki da ƙananan yara su rage cin manyan kifayen kogunan nan. Kuma in ka ga ana ƙona curin zinariya da zaiba a bakin shago, ja motarka gaba, hayaƙin nan kai tsaye huhu yake shiga.

TAMBAYA: Malam ni fiyo wata kawai nake sha, ina cikin matsala? Wata ɗaliba daga Alabar.

AMSA: 'Yata, leda ba ta tsarkake ruwa, abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da adireshin kamfanin a jiki, ki tsaya a kan wanda kika san inda suke, kuma kar ki sayi wanda ya wuni a rana a bakin titi. Mai kamfanin kirki yana da takardar gwajin ruwansa, idan a unguwarku yake ki tura yayanki ya tambaya, ba laifi ba ne.

Hajiyar Aboabo, idan sakamakonku ya fito ki ɗauki hotonsa ki turo ta lambar mujalla, zan karanta miki lambobin ɗaya bayan ɗaya a fitowa ta gaba in sha Allahu, ki gaida min ɗan Tek.